Maganin Gida Da Iyakarsa

   

Yau za mu yi magana a kan abubuwan da suke cikin ɗakunanmu: gishiri, sukari, ruwa, sabulu, da tukunya. Ciwo ba ya sallama kafin ya shigo gida, yawanci kuma da tsakar dare yake zuwa, sa'ad da likita yake nesa, babur ba mai, hanya kuma ta lalace. A wannan sa'a, uwa da uba su ne likitoci na fari. Abin da suka yi, da abin da suka bari, yakan raba tsakanin rai da mutuwa.

Mun san labarin Basamariyen nan da ke cikin Bishara ta hannun Luka, sura 10. Ya tarar da mutum kwance a bakin hanya, 'yan fashi sun yi masa rauni. Ku lura da abu biyu da ya yi. Da fari ya yi amfani da abin da ke cikin jakarsa, wato mai da ruwan inabi, ya wanke raunukan, ya ɗaure su. Bayan haka ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki inda za a lura da shi, har ya biya kuɗi. Ya san abin da hannunsa zai iya, ya kuma san inda iyawarsa ta ƙare. Wannan ita ce maganarmu ta yau: mu san abin da gida zai iya yi, mu yi shi daidai, mu kuma san sa'ar da za a ɗauki mara lafiya a kama hanya.

Abu na fari shi ne zawo, wanda waɗansu suke kira gudawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a shekarar 2024 cewa zawo yana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 400,000 kowace shekara. Me yake kashe yaron? Yawanci ƙarewar ruwa ce a jiki. Duk lokacin da ya zaga, ruwa da gishirin jikinsa suna fita, kamar randa mai huji. Idan ba a mayar da su ba, jini yakan ragu, zuciya ta gaji, yaron da yake wasa jiya ya kwanta yau ba ya iya ko kuka.

A gidaje da yawa, idan yaro ya fara zawo sai a hana shi ruwa, wai kada zawon ya ƙaru. Waɗansu su ce haƙori ne yake fitowa, a bar shi zai wuce. Idan maɗigarsa ta faɗa, sai a kwaɓa magani a shafa a kai. 'Yan'uwa, faɗawar maɗiga alama ce cewa ruwan jikin jariri ya ƙare. Abin da aka shafa a kai ba zai tashe ta ba, ruwan da ya shiga ciki ne zai tashe ta. Iyayen da suke yin waɗannan abubuwa suna ƙaunar 'ya'yansu ƙwarai, babu shakka. Amma Hausawa sun ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Maganin yana nan cikin ɗaki, kusa da murhu.

Ku ji yadda duniya ta tabbatar da wannan magani. A shekarar 1971, lokacin yaƙin da ya haifi ƙasar Bangaladash, mutane da yawa suka gudu zuwa Indiya. Cutar kwalara, wato amai da gudawa, ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon. Ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka dama gishiri da sukari cikin manyan duro na ruwa, ya ba dangin marasa lafiya kofuna, ya ce su riƙa ba su suna sha. Kafin haka, cikin mutum 100 da suka kamu, wajen 30 suke mutuwa. Da aka fara shan wannan ruwa, masu mutuwa ba su kai 4 cikin 100 ba. Daga baya wata ƙungiya ta ƙasar Bangaladash mai suna BRAC ta bi gida gida wajen shekara 10, tana koya wa mata miliyoyi yadda za su haɗa shi da hannunsu. A Nijeriya kuwa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya yi Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ƙoƙari sosai domin wannan koyarwa ta kai ƙauyuka. Manya a cikinmu za su tuna yadda aka yi ta shelarta a rediyo.

Me ya sa ake haɗa gishiri da sukari? Hanjin mai zawo ba ya shan ruwa da kyau. Amma Mahalicci ya yi wata ƙofa a jikin hanji, wadda gishiri yake shiga ta cikinta idan yana tare da sukari. Idan su biyun suka shiga, sai ruwa ya bi su zuwa cikin jini. Shi ya sa ma'auni yake da muhimmanci. Gishiri in ya yi yawa yana iya cutar da yaro, sukari in ya yi yawa yana ƙara zawon. Domin wannan dalili ne lemon kwalba bai dace da mai zawo ba.

Abin da ya fi kyau shi ne garin da ake samu a leda a asibiti ko kemis, wanda aka rubuta ORS a jikinsa, gama an riga an auna kome daidai. Ku sayi leda biyu ko uku ku ajiye tun kafin ciwo ya zo. Ku duba jikin ledar, ko ku tambayi mai sayarwa, domin akwai ta lita 1, akwai kuma ta rabin lita. In babu ita a gida, ga yadda za a yi. Ku wanke hannu da sabulu. Ku auna ruwa mai tsabta lita 1, wanda aka tafasa ya huce. Ledar ruwan sha ta rabin lita guda 2 ita ce lita 1. Ku zuba sukari cokalin shayi 6, kowane cokali a shafe bakinsa kada ya yi tozo. Ku zuba gishiri rabin cokalin shayi. Ku dama har ya narke. Ku ɗanɗana kafin ku ba yaro. Kada gishirinsa ya fi na hawaye. In ya fi, ku zubar ku sake. Bari mu maimaita domin mai rubutawa: ruwa lita 1, sukari cokali 6, gishiri rabin cokali.

Yaron da bai kai shekara 2 ba, a ba shi rubu'in kofi zuwa rabin kofi duk bayan zagawa, da cokali, kaɗan kaɗan. Daga shekara 2 zuwa 10, rabin kofi zuwa kofi guda. Babba ya sha iyakar abin da yake so. In yaro ya yi amai, a dakata minti 10, sa'an nan a ci gaba a hankali. Aiki ne na haƙuri, uwa za ta zauna da cokali a hannu har dare ya raba, saboda haka maigida ya karɓe ta ta huta. Abin da ya kwana ya wuni, wato ya yi awa 24, a zubar a dama sabo. Kada a daina ba da nono, a ƙara ma. Yaron da ya fara cin abinci a ci gaba da ba shi kunu, da fate, da ayaba. Tun shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara a haɗa da ƙwayar zinki, kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya. Tana rage tsawon ciwon, tana kuma taimaka kada ya dawo da wuri. Ma'aikacin lafiya zai faɗa muku adadin da ya dace da yaronku. Kafson nan da ake saya a tire a buɗe a zuba wa yaro cikin kunu, ku bar shi. Yawancin zawon yara ba ya bukatarsa.

To, ina iyakar gida? Ku riƙe waɗannan alamu. Idan yaro ya kasa sha ko ya kasa kama nono. Idan yana amayar da duk abin da aka ba shi. Idan akwai jini cikin bayan gidansa. Idan idanunsa sun zurma, ko maɗiga ta faɗa. Idan an ja fatar cikinsa an saki, ta daɗe ba ta koma ba. Idan ya yi laushi, ana tashinsa da ƙyar. Idan zawon yana zuba fari kamar ruwan wankin shinkafa, gama wannan alamar kwalara ce, tana iya kashe babban mutum cikin wuni guda. Idan jariri ne da bai kai wata 2 ba. Idan kwana 3 sun wuce babu sauƙi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan kuka gani, kada ku jira gari ya waye. Ku ɗauki yaro, ku ɗauki kofi da cokali, ku riƙa ba shi a hanya.

Abu na biyu, ruwan sha, gama ta nan zawo yakan shigo. Ruwa yana iya zama garau a ido, amma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Idan ruwan rafi ne ko na tafki mai laka, a daka 'ya'yan zogale busassu a dama a ciki, ko a sa alif, a bar shi ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta. Wannan yana kwantar da laka ne kawai. Sai an tafasa shi har ya yi ta ɓulɓula na minti guda, ko an sa maganin ruwa na kulorin bisa ga ma'aunin da ke jikin kwalbar, kafin ya zama na sha. Randa ta kasance da murfi. A rataye moɗa guda mai dogon hannu domin ɗiba, kada kowa ya tsoma kofin da ya sha da shi. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga masai, bayan an wanke wa yaro, kafin a taɓa abinci. In sabulu ya ƙare, toka mai tsabta ta fi ruwa kaɗai. A daina wanke hannu cikin kwano guda mutum goma, gama na ƙarshe da dauɗar mutum tara yake wankewa. A zuba wa kowa da buta. Kashin yaro ma a kai shi masai, kada a ce ai na yaro ne ba kome.

Ga wata dabara ta ajiye kayan miya. Wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta cikin ƙauyuka, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. A sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a sa tumatir da tattasai da gauta cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. A riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Sa'ad da ruwan yake bushewa ta jikin babbar tukunya, yana tafiya da zafin da ke ciki. Tumatirin da yakan ruɓe cikin kwana 3 yana iya kaiwa mako 2 ko fiye. Ta fi aiki da rani da bazara, lokacin da iska take a bushe. Ba ta bukatar lantarki, maginan tukwane kuma suna nan a kasuwanninmu.

Abu na uku, ƙuna. Da hunturu yara sukan matsa kusa da murhu, tukunyar kunu ta kife, ko zane ya kama wuta. Nan take za ka ji ana kira a kawo ɗanyen ƙwai, a kawo man goge haƙora, a kawo manja, a kawo gishiri. Duk waɗannan suna riƙe zafi cikin nama, suna kuma kawo ƙwayoyin cuta cikin rauni. Maganin fari shi ne ruwa mai sanyi mai tsabta. A yi ta zubawa a wurin har minti 20. Minti 20 yana da tsawo ga mai jin kukan ɗansa, amma wuta tana ci gaba da cin nama a ƙarƙashin fata bayan an janye hannu, ruwan ne yake kashe ta. Kada a sa ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba. Tufar da ta manne da fata a bar ta. Kada a fasa bororo. A rufe da tsumma mai tsabta wanda ba ya gashi, a lulluɓe sauran jikin yaron kada sanyi ya kama shi. Idan ƙunar ta fi tafin hannun wanda ya ƙone, ko tana fuska, ko hannu, ko gaɓa, ko al'aura, ko kuwa ƙaramin yaro ne, a kai asibiti. Wanda rigarsa ta kama wuta kada ya yi gudu, gama gudu yana hura ta. Ya kwanta ya yi birgima, a rufe shi da bargo.

Tun da muna maganar hunturu, ku ji wannan gargaɗi. Kada a shiga da kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Kada a tada janareta cikin ɗaki, ko zaure, ko ƙarƙashin taga. Dukansu suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Mai barci ba zai farka ba. Gida guda yana iya ƙarewa a dare ɗaya ta wannan hanya, da safe maƙwabta su fara zargin abincin da aka ci ko su ce maita ce. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri tare, a buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a kai su asibiti.

Abu na huɗu, kananzir da maganin ƙwari. Wane yaro ne zai ga kwalbar lemo a ƙasa bai kai baki ba? Kada a zuba kananzir, ko fetur, ko maganin feshi na gona, cikin kwalbar abin sha. A ajiye su sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Idan yaro ya sha kananzir, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara domin ya yi amai. Haɗarin kananzir yana ga huhu, amai kuwa shi yake kai shi can. A tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke jikinsa, a kai shi asibiti ko da ya yi kamar lafiyarsa ƙalau, gama wahalar numfashi takan zo daga baya. In maganin ƙwari ne, ku tafi da kwalbar domin likita ya ga irinsa. Kada kuma a zuba maganin feshi cikin waken da za a ci. Akwai buhu mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS. In an shanya wake ya bushe, aka ɗaure kowace leda tam, iska takan ƙare wa ƙwarin su mutu da kansu, ba tare da guba ba.

Abu na biyar, zazzaɓi da jijjiga. Jikin yaro in ya yi zafi, a rage masa tufafi, a ba shi ruwa da nono da yawa, a ba shi farasitamol daidai shekarunsa. Asfirin ba na yara ba ne. Amma saukar zafin jiki ba warkewa ba ce. A kai shi a gwada jininsa a ranar, ko washegari da sassafe. Gwajin zazzaɓin cizon sauro ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, cikin minti 20 an san amsa. Kulorokwin da muka sani dā ya rasa ƙarfinsa a kan wannan cuta, shi ya sa tun shekarar 2005 Nijeriya ta koma ga sabon magani mai haɗi biyu, wanda ake sha kwana 3. A shanye shi duka. Kada a tsaya a rana ta biyu a ɓoye sauran domin ƙanensa. Kowa ya kwana cikin gidan sauro, musamman mata masu ciki da ƙananan yara.

Idan yaro ya fara jijjiga, tsoro yakan kama gida duka. A nan ne ake kai ƙafafunsa bakin wuta, a cusa cokali tsakanin haƙoransa, a matsa masa albasa a ido, a ɗura masa jiƙo. Yara da yawa sun tashi daga jijjiga, amma sun rayu da tabon wuta a ƙafa, waɗansu kuma jiƙon ya bi ta huhu ya kashe su. Ga abin da za a yi. A kwantar da shi a ƙasa a kan gefensa, domin yawu ya fita. A kawar da abin da zai buge shi. Kada a danne shi, kada a sa kome a bakinsa. Ba zai haɗiye harshensa ba. Da zarar ta lafa a kai shi asibiti, in kuwa ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, a tafi da shi haka nan. Zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, musamman da bazara, shi ma na gaggawa ne, gama yana iya zama sanƙarau.

Abu na shida, saran maciji, domin manomanmu. Kububuwa ƙarama ce, amma dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga kamar ya sami sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi da fitsari. Kada a tsaga wurin da reza, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tam har jini ya tsaya, gama ta haka ake rasa ƙafa. Baƙin dutsen nan da ake mannawa ba ya zuƙe dafi. A kwantar wa mutumin da hankali, a cire zobe da takalmi, a sa itace a ɗaure ƙafar sako-sako kamar ta mai karaya domin kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka. Allurar kashe dafi kaɗai ce magani. Akwai asibitin saran maciji a Kaltungo cikin Jihar Gombe, ana kuma yin wannan jiyya a Zamko kusa da Langtang cikin Jihar Filato. Ku tambaya tun yanzu wane asibiti ne kusa da ku yake da allurar. Ku sa takalmin roba mai tsawo lokacin girbi, ku riƙe tocila da dare.

Wani zai ce, to ina bangaskiya? Ashe, ba addu'a ce maganinmu ba? Muna yin wannan tambaya a fili domin akwai gidajen da aka ajiye mara lafiya kwana da kwanaki ana addu'a, ana jin kunyar zuwa asibiti kada a ce bangaskiyarsu ta kasa. Ku karanta 2 Sarakuna sura 20. Sarki Hezekiya ya yi ciwo har bakin mutuwa, ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ji, ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Allahn da ya amsa addu'ar, shi ne ya yi itacen ɓauren. Luka wanda ya rubuta mana labarin Basamariye, shi kansa likita ne. Saboda haka ku yi addu'a sa'ad da kuke dama gishiri da sukari. Ku yi addu'a a kan babur. Ku kira fasto da dattawa, amma ku ce su same ku a asibiti.

Basamariyen yana da dabba, yana da kuɗin biyan masauki. Da yawa daga cikinmu, abin da yake hana su tafiya da wuri shi ne rashin abin hawa da rashin kuɗi a hannu. Wannan nawaya ce ta ikkilisiya duka. Muna roƙon dattawa su zauna su san wane ne yake da mota ko babur da za a iya buga wa ƙofa da tsakar dare. A keɓe ɗan kuɗi a hannun amintaccen mutum domin gaggawa, a ba da rance ba tare da dogon bincike ba, lissafi ya biyo baya. Muna roƙon Zumuntar Mata su ɗauki rana guda cikin wannan wata, su kira ma'aikaciyar lafiya, a kawo cokali da kofi da gishiri da sukari, kowace mace ta auna da hannunta a gaban 'yan'uwanta. A kira kakanni ma, gama sau da yawa maganarsu ce ake bi idan jika ya kwanta. Maza kuma, ku ba matanku izini tun yau, cewa in sun ga alamar haɗari kuna gona ko kuna tafiya, su ɗauki yaro su tafi ba sai sun jira ku ba. Abin da kuka koya kuma ku faɗa wa maƙwabta, ko su waɗanne ne. Basamariyen bai tambayi mai raunin kabilarsa ko addininsa ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ruwa da gishiri da dukan ƙananan abubuwa da ka sa cikin gidajenmu. Ka ba iyaye mata natsuwa a daren da ciwo ya zo. Ka ba iyaye maza saurin tashi. Ka ba mu hikima mu san abin da za mu yi da hannunmu, mu kuma san lokacin da za mu nemi taimako. Ka ƙarfafa likitoci da ma'aikatan jiyya da suke aiki a wurare masu wuya. Ka ta'azantar da gidajen da suka yi rashin 'ya'ya. Ka taɓa waɗanda suke kwance yanzu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Jama'a, a nan za mu dakata. Kafin ku kwanta yau, ku duba inda kwalbar kananzir take, ku duba ko randa tana da murfi. Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.